Ziyarar Harabar Jami'a da Sauyin Ra'ayin Iyali: Nazari Kan Zaɓen Jami'a a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda zuwa harabar jami'a da ƙafa yake sauya ra'ayin iyali game da makarantar da suke shirin tura ɗansu ko 'yarsu. Fagen nazarin shi ne arewacin Nijeriya. An gina bayanin kan lura da abin da ke gudana a ranakun tantance ɗalibai da na rajista, da hirar da marubuci ya sha yi da iyaye da ɗalibai, da kuma ayyukan masana da rahotannin hukumomin ilimi. Hujjar takardar ita ce, ziyara tana mayar da jami'a daga sunan da ake ji zuwa wurin da yaro zai zauna, kuma wannan sauyi ya fi tasiri a kan karatun 'ya mace. Sai dai tsarin shiga jami'a a ƙasar nan yana jinkirta ziyarar har sai an riga an yi zaɓi, sannan akwai muhimman abubuwa da ido ba ya kamawa a yini guda.

1.0 Gabatarwa

A farkon kowace shekara, matasa sama da miliyan ɗaya da rabi ke cike fom ɗin hukumar JAMB. A cikin fom ɗin akwai gurbin da ake rubuta jami'ar zaɓin farko. Cike gurbin ba ya ɗaukar minti guda a cibiyar rajista, amma shi ke yanke inda yaro zai kwana ya tashi tsawon shekara huɗu, ko biyar in injiniya ne ko lauya, ko shida in likita ne. Da yawa daga masu cike shi ba su taɓa taka ƙofar jami'ar da suka rubuta ba. Iyayensu ma haka. Wani lokaci mai shagon kwamfuta ne ke ba da shawarar ƙarshe, domin shi ake ganin ya san inda maki ya fi sauƙi.

Abin lura shi ne, ba haka Bahaushe ya saba yi da ɗansa ba. Idan aka zo neman auren 'yarsa, ba ya wadatuwa da abin da manema suka faɗa. Sai ya tura a gano gidan, a tambayi maƙwabta, a san sana'a, a san ɗakin da za a ajiye ta. Amma idan za ta tafi wani gari ta yi shekara huɗu cikin dubban baƙi, sau da yawa suna kaɗai ake ji a sa albarka. Wannan giɓi ne takardar ta zo ta yi magana a kansa: me ke faruwa a zukatan iyali ranar da suka ga jami'a da idonsu, kuma me ya sa ranar ke zuwa a makare?

2.0 Abin da Masana Suka Gano a Amurka

Nazarin yadda ake zaɓen jami'a ya fi bunƙasa a Amurka. David Chapman ya fitar da tsarinsa a 1981, inda ya nuna cewa zaɓi yana fitowa ne daga haɗuwar halin ɗalibi da tasirin na kusa da shi da kuma ƙoƙarin da jami'a ke yi na isar da bayaninta. A 1987 Don Hossler da Karen Gallagher suka kasa tafiyar gida uku: ɗarsuwar sha'awar ci gaba da karatu, neman bayani, sai yanke shawara. A shekarar nan dai Ernest Boyer na Gidauniyar Carnegie ya ruwaito cewa ɗalibai sun ɗauki ziyarar haraba a matsayin babbar hanyar samun bayani, kuma abin da ya fi jan hankalinsu a ziyarar shi ne kyan gine-gine da tsabtar fili. Wani bincike da Uri Simonsohn ya wallafa a 2010 ya ƙara fito da raunin ido fili. Ya bi bayanan masu neman gurbi sama da dubu ɗaya da suka ziyarci wata jami'a da ta yi suna wajen tsananin karatu, ya tarar waɗanda suka je ranar da gari ya yi lumshi sun fi karɓar gurbin a kan waɗanda suka je ranar da rana ta haska. Ke nan har yanayin sama na yini ɗaya yana shiga hukuncin shekara huɗu.

Waɗannan ayyuka suna da amfani gare mu, amma ba za a ɗauko su ɗungurungum a ɗora a kan Kano ko Gusau ba. A can, ɗalibi yana neman jami'o'i da yawa, yana iya samun gurbi a uku ko huɗu, ya zaga su, sannan ya ba da amsa zuwa ranar 1 ga Mayu. A nan, tun da aka kafa JAMB a 1978 ƙofa ɗaya ce, kuma tun da aka shigo da tsarin CAPS a 2017 gurbi ɗaya ake miƙa wa ɗalibi a lokaci guda, ya karɓa ko ya ƙi. Bambanci na biyu ya fi wannan girma. A can ɗalibi ne tsakiyar nazari. A nan mai zaɓe gida ne: uba mai biyan kuɗi, uwa mai fargaba, kawu ko yaya da ya yi boko, wani lokaci har da wanda ya kawo kuɗin aure.

3.0 Jami'ar da Ke Cikin Kai Kafin Tafiya

Babu iyalin da ke zuwa haraba da zuciya fayau. Kowa da hoton da ya zo da shi.

Tsofaffin jami'o'i suna cin albarkacin tarihi. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962 tana ɗauke da sunan Sardauna, kuma da wuya a sami babban gida a Arewa da ba shi da wanda ya bi ta Samaru ko Kongo. Jami'ar Bayero ta faro ne a matsayin kwaleji a 1960, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ta Sakkwato da ta Maiduguri duk 'yan 1975 ne, kuma a 1988 aka sa wa ta Sakkwato sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kawun da ya gama a farkon shekarun 1980 yana ba da labarin jami'ar da ya sani, wadda ake shiga ɗakin cin abinci da tikiti, ɗaki ɗaya mutum biyu ko uku. Gaskiya yake faɗa, amma gaskiyar zamaninsa ce. An daina ciyar da ɗalibai tun tsakiyar shekarun 1980, yawan ɗalibai kuma ya ninka sau da dama a kan gine-ginen da ba su ninka ba.

Akwai kuma hoto na biyu, na zargi. A gidaje da yawa har yanzu in aka ce "'yar jami'a" ba yabo ake nufi ba. Ana jin labarin shigar banza da shaye-shaye da malaman da ke neman ɗalibai, kuma bidiyon minti ɗaya a TikTok ko WhatsApp ya isa ya shafa wa makaranta guda baƙin fenti. Wani lokaci ma sunan gari ne ke danne sunan makaranta. Jami'ar Maiduguri ta ci gaba da karatu a shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, duk da cewa ita ma ba ta tsira ba: a Janairun 2017 harin bam a masallacin cikinta ya yi ajalin Farfesa Aliyu Mani. Uban da ke Katsina ko Kontagora wannan labari ya riƙe. Wanda ya je ya ga ana lakca, ana jarrabawa, ana yaye likitoci, yakan dawo da labari biyu maimakon ɗaya, kuma dukansu gaskiya ne.

Sababbin jami'o'in tarayya, wato irin na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Wukari da Lafiya da aka kafa a 2011, da na Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa na 2013, ba su da dogon tarihin da zai yi musu magana. A wurinsu ziyara ta fi nauyi, domin babu kawun da zai ce "nan na yi".

4.0 Abin da Ziyara Ke Sauyawa

4.1 Hanya

Abu na farko da ke rushewa shi ne zaton cewa jami'a wuri ɗaya ce. A fom suna ɗaya ne, a ƙasa kuwa wurare ne. Wanda aka ba shari'a ko harkar mulki a Jami'ar Ahmadu Bello, Kongo zai zauna, ba Samaru ba, mai karatun likita kuma tafiyarsa za ta ƙare a asibitin koyarwa na Shika. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai tsohuwar haraba, akwai sabuwa a kan titin Gwarzo, ga kuma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Uban da ke zaune a Hotoro ko Mariri, wanda ya ce "ai a gida za ta yi, kullum ta je ta dawo", yakan sake lissafi ranar da ya hau Adaidaita Sahu biyu ko uku kafin ya isa sabuwar jami'a, ya kuma tuna cewa akwai lakcar ƙarfe takwas na safe. A Sakkwato mazaunin dindindin yana Dunɗaye, bayan an haye fadama, kuma waɗanda suka shaida ambaliyar 2010 ba su manta yadda ruwa ya cinye gadar da ta haɗa jami'ar da gari ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan lissafi na hanya ya tashi daga ƙorafi ya koma abin da ke iya hana karatu ɗungum.

4.2 Wurin Kwana

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne ra'ayi ya fi juyawa.

Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin gano buƙatun jami'o'in gwamnati ya tarar cewa gadajen da ke ɗakunan kwanan ɗalibai ba su wuce na kusan mutum ɗaya cikin goma ba. Wannan adadi ba ya cikin fom ɗin JAMB, ba ya kuma cikin takardar ba da gurbi. Iyali suna gano shi ne ranar da suka tsaya a gaban ofishin kula da harkokin ɗalibai aka ce musu gado ya ƙare. Wanda ya yi sa'a ya samu, zai tarar ɗakin da aka gina don mutum huɗu yana ɗauke da ninkin haka, domin kowane mai gado yana da wanda ya raɓa da shi. Wanda bai samu ba, sai gidajen haya na kewaye: Danbare da Rimin Gata a Kano, Samaru da Hayin Dogo a Zariya, Mairi a Maiduguri.

Uba da uwa ba abu ɗaya suke gani a nan ba. Uba yakan dubi katanga da ƙofa da masu gadi, ya tambayi ƙarfe nawa ake rufewa, ya tambayi ko maza na shiga. Idan amsar ta gamsar da shi, ya gama. Uwa kuwa, in aka yi dace an zo da ita, ciki take shiga. Ita ke duba banɗaki, ta ga layin bokitai a bakin famfo, ta lura da inda ake ɗora risho ko ƙaramar tukunyar gas, ta ga shanya, ta kalli fuskokin 'yan ɗakin. Tambayoyinta ba sa cikin kowane littafin jagora: in yarinya ta kwanta ciwo da dare wa zai kai ta asibiti, nawa ake sayar da jarkar ruwa in famfo ya ɗauke, akwai babbar mace da ke kwana a ginin ko babu. Na sha ganin gidan da uba ya amince tun a bakin ƙofa, uwa ta fito daga ciki ta ce a sake shawara. Na kuma ga akasin haka, kuma shi ya fi faranta mini rai: uwar da ta zo da niyyar hanawa, ta shiga ta tarar da 'yan mata suna jam'in sallar la'asar, wata babbar ɗaliba ta riƙe hannun 'yarta ta ce "Mama, ki bar mana ita", ta koma gida ta zama ita ce mai lallashin maigida.

Batun gidajen haya ya wuce na jin daɗi, ya zama na rai. A Satumbar 2023 'yan bindiga sun kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida. A Oktoban shekarar aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta. Kafin nan, a 2021, an yi na kwalejin gandun daji ta Afaka da na Jami'ar Greenfield a jihar Kaduna. Darasin da ke cikin na Gusau da Dutsin-Ma ga mai ziyara a fili yake. Katangar da uba ya yaba ba lallai ba ne ita ce za ta kewaye 'yarsa da dare. Ziyarar da ta tsaya a cikin haraba, ba ta leƙa unguwar da ɗalibai ke haya ba, rabin ziyara ce, kuma tana iya ba da natsuwar da ba ta da tushe.

4.3 Mutane

Gini ba ya magana, mutane ke yi. Zargin lalacewar tarbiyya da aka zo da shi daga gida yakan yi sanyi ne ba don wani jami'i ya yi jawabi ba, sai don abin da aka gani ana yi ba tare da an shirya ba: masallaci cike da azahar, sanarwar karatun ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a jikin allo, matar aure da goyo tana sauri zuwa aji, malama mai digirin digirgir sanye da hijabi. Iyali Kirista daga Kafanchan ko Zuru ko Sabon Garin Kano su ma abin da suke nema ke nan ta ɓangarensu: ina coci, akwai 'yan'uwa, za a bar yaro ya yi ibadarsa cikin kwanciyar hankali? Amsar da ido ya ba su ta fi ta kowace takarda.

Akwai wani abu da mu ma'aikatan jami'a ba mu cika lura da shi ba, kuma ina ganin ya kamata ya dame mu. Uban da bai yi boko ba, manomi ko ɗan kasuwa ko malamin allo, yana shigowa haraba ne a ɗarare. Duk allunan da Turanci suke. Mutum na farko da zai yi masa magana maigadi ne, na biyu akawu. In aka daka masa tsawa a ƙofa, ko aka bar shi tsaye a baranda ana wuce shi kamar ba a gan shi ba, ya riga ya yanke hukunci a kan makarantar, kuma hukuncin ba na rashin hankali ba ne. Cewa yake, in ni da furfurata aka yi mini haka, yaya za a yi wa yarona in na juya baya? Dattijon da aka ce wa "sannu da zuwa Baba, ga kujera", aka yi masa bayani da harshen da yake ji, shi ne zai koma ƙauye ya zama mai kare jami'ar a majalisa. 'Ya'yan irin waɗannan iyaye su ne na farko a gidajensu da za su shiga jami'a, su ne kuma aka ware wa kaso ashirin cikin ɗari na guraben jami'o'in tarayya da sunan jihohin da aka bari a baya a ilimi. Ba daidai ba ne a buɗe musu ƙofa a takarda a rufe ta a fuska.

Shi kansa ɗalibin akwai abin da ke faruwa da shi. Yaron da ya fito daga sakandaren da ba ta da laburare, ya tsaya a gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, ko dai burinsa ya faɗaɗa ko gabansa ya faɗi. Abin da ke raba biyun sau da yawa shi ne ya haɗu da wani ɗan garinsu da ya riga shi shiga, ya ce masa ni ma haka na ji.

5.0 Abin da Ido Ba Ya Kamawa

An ce gani ya kori ji, amma a wannan fage akwai jin da gani ba ya korewa, kuma wajibi ne a faɗi haka don kada a ɗauka takardar tana cewa ziyara ta wadatar.

Tun da aka sake fasalin asusun TETFund a 2011, harabobin jami'o'in gwamnati sun cika da sababbin gine-gine masu ɗauke da tambarinsa. Alheri ne. Amma sabon ɗakin lakca ba ya gaya wa baƙo malamai nawa ne a sashen, ko nawa ne suka tafi ƙasashen waje ba su dawo ba, ko na'urorin ɗakin gwaje-gwaje suna aiki. Ba ya kuma faɗin matsayin kwas a wurin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda ke ba da cikakkiyar amincewa ko ta wucin gadi ko ta hana. Karatun likita yana buƙatar amincewar majalisar likitoci ta MDCN, wadda ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, injiniya yana buƙatar ta COREN, shari'a kuma ta majalisar ilimin lauyoyi. Ɗalibi na iya shekara biyar a gini mai sheƙi ya fito da takardar da ba za ta ba shi lasisin aiki ba. Haka nan babu ziyarar da za ta nuna yajin aiki. Wanda ya zaga wata jami'ar tarayya a Janairun 2022 ya ga komai na tafiya, bai san daga 14 ga Fabrairu za a rufe azuzuwa har 14 ga Oktoba ba, bayan wanda aka yi na kusan wata tara a 2020.

Jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba lasisi a 1999, sun fi na gwamnati fahimtar ƙarfin ziyara. Su ne ke da mai tarbar baƙi, su ne ke zagayawa da iyaye, su nuna ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. Babban abin da suke sayarwa, wato kalandar da ba ta tsayawa da kuma sa ido a kan ɗalibi, abu ne na gaske da iyaye ke buƙata. Sai dai ziyarar da aka shirya tana nuna abin da mai gida ya zaɓa ne. Ɗakin da aka buɗe wa baƙo ba lallai ne ya zama irin wanda za a ba ɗansa ba.

Lokacin zuwa ma yana yaudara, kuma a nan binciken Simonsohn ya same mu har gida. Harabar da aka gani a watan Agusta, ciyawa shar, iska na kaɗawa, ba ita ce ta watan Afrilu ba, lokacin da rijiyoyin burtsatse ke ja baya, zafi ya hana barci a ɗakin mutum takwas. Wadda aka gani lokacin hutu, shiru, tsaf, ba ita ce ta tsakiyar zango ba.

Matsalar ta fi muni ga masu tura 'ya'ya ƙetare, inda galibi ba a zuwa ko kaɗan, dillali ne ke nuna hoto a waya. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Iyayen da suka biya kuɗi da zuciya ɗaya su ma abin ya shafe su. Da wani daga gidan ya je ya ga inda ake kira jami'a, da wasu ba su saka kuɗinsu ba.

6.0 Ziyarar da Ke Zuwa Bayan An Gama

Idan aka ɗora tsarin Hossler da Gallagher a kan abin da ke faruwa a nan, sai a ga an juya shi. Kamata ya yi neman bayani ya riga yanke shawara. A wurinmu ana yanke shawara a watan cike fom, sannan a ga makaranta watanni bayan haka. Tun 2005 da aka fara jarrabawar tantancewa ta bayan JAMB, ranar wannan jarrabawa ce ta zama ziyarar farko ga yawancin masu neman gurbi, kuma ita ce rana mafi muni da za a ga jami'a: cunkoso, rana, layi, fargaba, babu mai lokacin amsa tambaya. Yanzu da wasu jami'o'i suka mayar da tantancewar ta intanet, ziyarar farko ta koma ranar rajista, bayan an karɓi gurbi an biya kuɗi.

Me ya rage wa iyalin da ra'ayinsu ya sauya a wannan rana? Sauya makaranta a shafin JAMB yana yiwuwa, amma da kuɗi, kuma jami'o'in da ake rububi ba sa waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko da wuri ba. Saura hanya biyu: a haƙura a zauna cikin abin da ba a so, ko a janye a jira baɗi. Ga ɗa namiji, jiran baɗi asarar shekara ce. Ga 'ya mace, sau da yawa baɗin ba ta zuwa, domin kafin fom ya sake fitowa an sa rana. Wannan ne ya sa nake ganin jinkirin ziyara ba ƙaramin lamari ba ne na tsara lokaci. Yana cikin dalilan da ke sa yarinya ta ci jarrabawa, ta sami gurbi, amma ba ta taɓa zama a aji ba.

Ga kuma rashin daidaito. Mai mota da abokai a cikin jami'a yana iya zuwa duk lokacin da ya so, ya sha shayi a ofishin shugaban sashe, ya ji abin da ba a rubutawa. Talaka daga Gumel ko Yawuri kuɗin mota ɗaya yake da shi, don haka yaro ke tafiya shi kaɗai ko da yayansa. Uwa, wadda idonta ya fi kowa ganin abin da ya shafi zaman yau da kullum, ita ce ake fara bari a gida.

7.0 Kira

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba ya jiran sabuwar doka. Kowace jami'a tana iya ware kwana biyu ko uku tsakanin Nuwamba da Disamba, kafin a fara sayar da fom, lokacin da ɗalibai ke cikin zango, ta buɗe ƙofa ga iyaye da 'yan ajin ƙarshe na sakandare. A sanar a rediyo, domin nan iyayen da muke magana a kansu suke. A yi bayani da Hausa da Kanuri da Fulatanci da duk harshen da mutanen yankin ke ji. Masu zagayawa da baƙi su kasance ɗalibai ne, mata su shiga da iyaye mata har cikin ɗakunan kwana, ba ɗakin da aka share don baƙi ba. A manna a allo, da manyan baƙaƙe, yawan gadajen da ake da su da yawan ɗaliban da za a ɗauka, da matsayin kowane kwas a wurin NUC da majalisun sana'a. A faɗi unguwannin da ɗalibai ke haya da abin da jami'a ke yi game da tsaronsu. Jami'ar da ta faɗi gaskiya za ta rasa wasu masu nema, amma waɗanda suka zo za su zauna.

Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi da ƙungiyoyin iyaye da malamai suna iya ɗaukar nauyin mota ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a tabbatar rabin kujerun na iyaye mata ne. Kuɗin bai kai na bikin yaye ɗalibai guda ba.

Malamaina da abokan aiki, da yawa daga cikinmu muna zaune a majalisun tsangayoyi da kwamitocin ɗaukar ɗalibai. Ina roƙon kowannenmu ya kai wannan magana majalisar jami'arsa a zama na gaba, a sa ranar buɗe ƙofa ga iyaye cikin kalandar shekara kafin JAMB ta sake buɗe rajista.